Ɗakin da Aka Bar wa Ruwa

Ka ce tun da ka zama kansila mutanen unguwarku suke ɗauke kai in sun hango ka, don ka hana su gini a kan hanyar ruwa. To, gyara zama in ba ka misalin wata mata.

A wani tsohon birni an yi wata dattijuwa mai tuyar ƙuli-ƙuli, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda. Gidanta na ƙasa ne, shi ne na ƙarshe a gangare, bayansa kuma kududdufi ne, ramin nan da kakanni suka haƙa suka ɗebi ƙasar gina unguwar, ruwan damina yake taruwa a ciki. Gidan kamar tafin hannu, ga ɗa ya isa aure, ba inda za a sa amarya. Ita kuwa ba abin da take tsoro kamar yaron nan ya kama haya a wata uwa duniya, ta tsufa daga ita sai kaskon tuya. Sai ta bi dabarar da duk na bakin kududdufi suke yi. Kullum ta tara toka da shara da ɓawon gyaɗa, ta juye a gefen ramin, ta bi ta tattake. Yau kwando, gobe kwando, shekara da shekaru, har ta ci filin da zai ɗauki ɗaki da 'yar rumfa. Ta ma riga ta zaɓi inda ƙofa za ta kalla.

Ana cikin haka sai ga mai unguwa da mutanen ƙaramar hukuma, riƙe da turaku da igiya. Suka ce damina ta sauya hali, ruwan da a da yake sauka sannu a hankali cikin wata guda yanzu a yini ɗaya yake juyewa, kuma ba shi da masauki sai waɗannan ramuka. Ba hana cikewa kaɗai suka yi ba, gayya aka kira aka kwashe abin da aka riga aka cike. Tana tsaye a bakin katanga tana kallon samari suna loda wahalar shekarunta a baro. Ranar ta yi kuka, kuma ba ta ɓoye ba. Da mai unguwa ya zo ba ta haƙuri, ta ce masa ashe kwaɗi sun fi marayu daraja a wurinsa. Daga nan ta yanke gaisuwa, ta yanke ƙulin da take aika wa gidansa, in ta hango shi a lungu sai ta tuna ta bar abu a wuta. Shi kuwa bawan Allah ya shanye, amma bai cire turke ko ɗaya ba. Ɗan ya yi aure ya kama haya can bayan gari, abin da ta guda ya same ta.

Da damina ta sake zagayowa an riga an yi mata jika. Wata rana surukar ta zo mata wuni da jaririn, bayan azahar gari ya haɗe, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Lunguna suka zama rafuka, kuma duk gangarowa suke yi wajenta. Tana ji ruwan unguwa kaf yana wucewa ta gindin katangarta da ƙugi, yana faɗawa kududdufi. Rami ya yi ta haɗiya, ya cika, ya haura turakun, ya zo ya lashi gindin katangar, sannan ya tsaya. A unguwar da ke maƙwabtaka da su, inda aka cike nasu ramin aka jera shaguna, ruwa bai sami inda zai sauka ba sai ɗakunan mutane, gidajen ƙasa suka yi ta narkewa.

Da aka ɗauke, ta leƙa ta kan katanga da jikan goye a bayanta. Daidai inda ta so ta sa ƙofa, ruwa ne da zai shanye ƙato ko ya ɗaga hannu. Sai ta tambayi kanta wa zai kasance a ɗakin nan a irin wannan lokaci, ɗakin da ba shi da tushe sai toka da ɓawon gyaɗa. Mai jego ce da jaririnta, suna barcin rana. Sai ta zauna a ƙasa cikin taɓo tana godiya ga Allah har muryarta ta dishe.

Washegari ta toya ƙuli mafi kyau, ta cika kwalba da mai, ba ta aiki kowa ba, ta ɗauka da kanta. Ta durƙusa a zauren mai unguwa ta ce, "Ranka ya daɗe, na zo janye maganar kwaɗi."

Ya yi murmushi ya ce, "Iya, ai ruwa ma ɗan unguwa ne. In ba a bar masa ɗakinsa ba, na mutane zai shiga."

Har yau ɗanta yana haya a bayan gari, kuma har yau tana kewarsa, ba ta musu. Amma duk wanda ya doshi kududdufin nan da kwandon shara, kafin ya ji daga hukuma zai ji daga bakinta. Don haka kada rashin gaisuwa ya sa ka cire turakunka. Wanda ka hana yau, wataƙila shi ne zai zo maka da ƙuli gobe, don Hausawa sun riga sun faɗa: wani hanin ga Allah baiwa ne.