Mai Bin Sawun Gambo

Gambo ya mayar da murfin injin busar da kaya na gida mai lamba sha biyu, ya danna maɓalli, gangar ta hau juyi. Ya kasa kunne, ya gyaɗa kai, ya tattara kayan aikinsa.

A Arlit, inda rana ke busar da riga kafin mai ita ya gama alwala, injin busar da kaya abin dariya ne. Amma matan Nasara na unguwar manyan kamfani ba sa shanya a waje, wai jar ƙasar ramin yuraniyom na ɓata masu zannuwan gado. To, wannan abin dariyar shi ya mai da Gambo mutum. Shekara tara ke nan da zuwansa daga Maradi, tun garin bai fi layi uku ba, har ya zama shef, wato shugaban masu gyara. Inji ya ƙi zafi, ko ya kama ƙara, ko ya tsaya cak, magana ɗaya ce: a kira Gambo.

Sai ga Tijjani daga Damagaram, aka sa shi cikin masu gyara. Magidanci ne shiru-shiru, ya yi makarantar koyon sana'a, yana karanta takardun Faransanci da ke zuwa tare da injuna. Gambo ya daina duba su tun bara, don a cewarsa Nasara sun koma yin rubutu ƙanana kamar sawun tururuwa. Tijjani na gaishe shi da ladabi, yana ce masa Maigida. Ladabin ma haushi yake ba shi. Gambo ya san duniya, ya san kowa ya rusuna wa wada, ya tashi da tsawonsa.

Ran nan ya mance da filaya a gida mai lamba bakwai. Da ya juyo ɗaukarta, sai ya hango mobilet ɗin Tijjani, ɗan babur ɗin da yake hawa, jingine a ƙofar baya. Ya laɓe a gindin katanga har mutumin ya fito yana goge hannu da tsumma. Ba wanda ya aike shi. Gambo ne ke raba aiki kowace safiya, ya sani.

Washegari ya gwada shi a wani gida. Ya kwashe audugar da ta toshe rariyar injin, ya busa tiyon da ke fitar da iska mai zafi, ya sauya wayoyin da suka ƙone duk da duhun ɗakin wankin, don ƙwayayen fitilar da kamfani ke sayowa yanzu ba su da haske ko kaɗan. Ya fita, ya zagaya, ya jira. Ko rabin awa ba a yi ba sai ga mobilet.

Kishi ya kama Gambo, kishi na gaske, irin wanda ke hana tuwo wucewa. Wato shi zai yi gumi, wani ya biyo baya ya taɓa ƙusa ɗaya, ya yi wa Madam murmushi da Faransanci, a ce shi ya gyara. Yau sunansa ake ci, gobe kujerarsa za a ci. Abin da ya fi ƙona masa rai, har yanzu matan Nasara yabonsa suke yi, bana ma fiye da kullum. Ya ce a ransa, ai maƙetaci ba ya gaggawa, sai ya gama haƙa ramin.

Bai tunkare shi ba. Ya wuce biro, ofishin kamfani, wurin Nasaran da ke kula da gidaje, ya ce akwai ma'aikacin da ke shiga gidajen mutane ta ƙofar baya ba tare da takardar aiki ba, a lokacin da masu gida ke wurin aiki. Bai ce ɓarawo ba. Ya bar Nasara ya ƙarasa da kansa.

Aka kira Tijjani, aka tambaye shi abin da yake yi a gidajen. Ya dubi Gambo, ya sunkuyar da kai, ya ce ba shi da ta cewa. Kafin sati ya zagayo an mai da shi Akokan, can cikin rami, wurin famfunan ruwa. Ranar da zai tafi ya zo sallama, ya ce, "Maigida, a riƙa kula." Gambo ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ci tuwonsa mara biyu.

Ran Litinin injin gida mai lamba sha biyu ya sake ƙin zafi. Gambo ya je da ƙarfinsa, ya buɗe baya, ya sa sabuwar wayar zafi, ya haɗa ja da ja, baƙa da baƙa, ya rufe. Ganga ta juya lafiya lau.

Tani, dattijuwar da ke wanki a gidan, tana tsaye rungume da kwandon jiƙaƙƙun kaya, ba ta motsa ba.

"Zuba mana, Inna," in ji Gambo.

"Sai Tijjani ya zo."

Jini ya hau masa ka. "Tijjani ya tafi! Ni na sa aka kore shi. Ni ne Gambo, ni na gyara!"

Tani ta ajiye kwandon a hankali, ta dube shi har ya tsargu. Sannan ta miƙa hannu ta zare wayar injin daga bango.

"To, Malam Gambo, ka kashe kanka," ta ce. "Shekara guda ke nan kana haɗa ja da baƙa, shi yake biyo ka ya warware kafin gida ya kama wuta, har ya sa mu rantse ba za mu faɗa ba, wai ranar da Nasara ya san idonka ya tafi, ranar za a sallame ka."