Wainar Juma'a

Tun da aka kawo injin wanke tunani asibitin unguwarmu, duk wanda ya haura saba'in sai ya je. Goggo Marka ta je ran Alhamis, don fuskar ɗanta Ila da ruwa ya ci kullum sai ta faɗo mata, ko tana salla.

"Kin huta, Goggo," in ji ma'aikaciyar.

Ta kuwa huta. Ran Juma'a ta soya wainar sadaka kamar yadda ta saba shekara talatin. Da ta cika kwano sai ta tsaya, ta leƙa ta katanga.

"Yaya Dije, wai wa nake yi wa sadakar nan?"

Dije, wadda ta yanke wa Ila cibiya, ta ɗago kai.

"Wallahi 'yar'uwa, ni tun Talata aka wanke ni."