Wayar da Ta Ci Reshe

Tana ganin rauni a reshen ƙaramar bishiyarta ta kasko da ke kan taga, wadda ta shekara goma tana datsewa kada ta wuce kamu ɗaya, zarginta ya faɗa kan matar ɗanta. Wa ke goge tagar in ba wannan sumui-sumui ɗin ba?

"Matarka ta sa mata wuƙa," ta ce wa ɗan.

Ya duƙa, ya ɗaga ƙananan ganyen. "Ba wuƙa ba ce, Mama. Wayar da kika naɗa don lanƙwasa reshen ce. Ya yi kauri, ba ki kwance ba, ta nutse cikin ɓawon."



Ya miƙe, furfura a gemunsa, ya tsaya bakin ƙofa. "In kin yarda, zan ɗan fita."