Addu'ar da Aka Hana wa Amin

Ka ce durƙuso aikin rago ne? To, saurara. A wani ƙauye akwai maƙeri mai zuciya a kusa, da wani dattijon coci wanda in ya kama addu'a sai tuwo ya huce, har maƙerin kan ce gara a ba shi gona ya nome. Wata safiya wani mai hannu da shuni ya aiko katafila da 'yan daba ɗauke da gorori, a share fadamar da garin ke ci da ita. Aka buga ƙararrawar coci, jama'a suka fito suka durƙusa a gaban katafilar. Kowa ya san abin da ake jira: a jefa dutse ɗaya, a samu dalilin cinna wa garin wuta. Dutsen kuwa yana hannun maƙeri. Direban ya leƙo ya ce shi ba ya taka mai addu'a, su yi su ce Amin su ba shi hanya. Sai dattijon nan ya ɗaga murya.

Rana ta take, injin na ruri, ƙasa na rawa a ƙarƙashin gwiwoyinsu. Wani ɗan daba ya sa gora ya ture hular dattijon, ya tofa masa yawu. Idon maƙeri ya kaɗa, ga shi ƙato a durƙushe gaban yaran da bai ɗauka a bakin komai ba. Ya yunƙura, sai wata tsohuwa ta damƙe masa wuyan hannu, ko ido ba ta buɗe ba. Da muryar dattijon ta dushe, matar da ke gefensa ta karɓa, daga ita sai na kusa da ita, ba wanda ya ce Amin. Har layi ya zo kan maƙeri, ya yi tasa da haƙora a cije. Kafin la'asar ƙauyukan da suka ji ƙararrawa sun cika fadamar, maƙwabta Musulmi na zagawa da ruwan sha. Direban ya duba gaba ya duba baya, ya juya kan katafilarsa. A nan ne dattijon ya ce Amin. Maƙeri ya miƙe ya buɗe hannunsa: dutsen ya yanke masa tafi, jininsa kaɗai aka zubar a ranar, fadama kuwa tana nan.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi da tsawonka za ka tashi.