Lasisi Kafin Juma'a

Ranar Laraba Lurline Arceneaux ta gama shafa wa lilo fenti, ta tsaya jiran jami'ar da za ta duba gidanta. Lasisin gidan renon yara take nema, kuma dole ya fito kafin Juma'a.

Lurline fa, wadda ko kukan jariri ta ji a coci sai ta sauya benci!

Lokacin da ta zaɓa ya fi komai ɗaure kai. A makon nan kowane gida a wannan lungu na jihar Luwiziyana ta Amurka ya sami kati ta gidan waya, kamar yadda doka ta tanada: hoton wani tsoho, lalatar da ya yi wa yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, da gidan da zai zauna in an sake shi ranar Juma'a. Gida na shida ne daga na Lurline.

"Ke Lurline, kanki ɗaya kuwa?" in ji Cleophus, sabon maƙwabcinta, ta saman shinge. "Kada na shigowa unguwa, ke kuma kina tara 'yan tsaki?"

"Ɗauke hannunka, malam, fentin bai bushe ba."

Can sai ga tsohuwa Eula, matar tsohon da za a saka, mai gida na shidan, riƙe da tukunyar miyar kuɓewa da jatan lande, idanunta sun kumbura. Lurline ba ta karɓi tukunyar ba, ba ta kuma ce mata zauna ba.

Jami'ar ta iso, ta leƙa kowane ɗaki, ta jijjiga lilo, ta sa hannu a takarda. Da ta tafi, Eula ta zube a kan matakala. Ta san dokar sarai: da zarar an yi wa gidan reno rajista, mai irin wannan laifin ba zai zauna cikin ƙafa dubu daga wurin ba. Lurline kuwa ta auna tazarar da kanta har sau biyu, ɗari shida da arba'in ce.

"Shekararsa saba'in da huɗu," Eula ta ce tana kuka. "Ga ciwon suga. Ina kike so ya je?"

Lurline ta dube ta, ko gezau.

"Inda ya ga dama, Mama. Ni 'yar cikinki na bar miki gidan saboda shi ina 'yar shekara goma sha ɗaya, wannan karon shi zai bar shi."