Kawun Da Ya Zo Beli

"Ba'ana, fito, an yi belinka," in ji kofur.

Kwanansa uku a tsare, tun da tifarsa ta take wata yarinya, Najiba, a Dusuman, kusa da Maiduguri. Beli sai mai gida a gari ya tsaya masa, shi kuwa baƙo ne.

"Yallaɓai, wa ya tsaya mini?"

"Kawunka. Har takardar gidansa ya ajiye."

Ba'ana ba shi da kawu a Maiduguri, amma ya bi kofur suka fito.

A bakin ƙofa dattijon da ya yi belinsa ya riƙe hannunsa gam. Maza huɗu na jira cikin mota.

"Yi haƙuri da jinkirin, ɗana," ya raɗa masa. "Sai yau muka yi sadakar ukun 'yata Najiba."