Bishiyar Lemo a Lungun Marina

Ke, ai sai kin gani da idonki! Lungun tsohuwar marina fa, wanda ko akuya ba ta bi, yanzu in kika sa tabaran nan da aka raba mana, aljannar duniya! Kwata ta koma ƙorama, bola ta zama fulawa. Duk abin da ba shi da kyan gani, masu zanen hotunan cikin tabaran sun lulluɓe shi.

Jiya Lantana maƙwabciyata ta goya ɗanta Sagiru, ta ɗauki tuwo za ta kai wa Iya Tambai, tsohuwar nan ta gindin bango da sai an kai mata take ci. Da tabarau a idonta, ta duba ko'ina, babu Iya. Sai wata bishiyar lemo a inda take zama, ta yi 'ya'ya kamar ta karye.

Ta tambayi mai shayi, "Malam Ɗanjuma, ina Iya ta shiga?"

"Oho! Mun kwana biyu ba mu gan ta ba. Ƙila dangi sun ɗauke ta."

Sai bishiyar ta yi tari. Sagiru, da yake ba shi da tabarau, ya miƙa hannu yana "Iya! Iya!" Lantana ta kai hannu za ta cire nata, sai ta tuna yadda lungun yake a da, ta fasa.

"Kai, yaron nan da shirme!" Ta juya da tuwonta.

To albishirinki, sati mai zuwa za a raba tabaran yara, har da na 'yan goye! Don Allah ki faɗa wa matan gidanku, kada a bar 'ya'yanmu a baya.